Baƙon Soja: Daga Sabon Garin Kano Zuwa Dazuzzukan Burma da Barikin Faransa

Shiga aikin soja a ƙarƙashin tutar wata ƙasa, ba don an tilasta wa mutum ba sai don shi da kansa ya kai ƙafarsa, al'amari ne da ake yawan ɗauka sabon abu ne da wayar hannu da yaƙe-yaƙen wannan zamani suka kawo, alhali kuwa a ƙasar Hausa ya girmi duk wani gini da ke tsaye yau a Kasuwar Sabon Gari ta Kano. Wannan kasuwa, wadda hukuma ke kira Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi, tana zaune ne a unguwar da Turawan mulkin mallaka suka yanka a bayan ganuwa wajajen 1913, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma cikin waɗanda aka fara bai wa fuloti a wurin har da tsofaffin sojojin da suka gama wa'adinsu a rundunar Ingila, tare da leburorin reluwe da akawuna daga Saliyo da Gwalkwas da Ikko. Saboda haka tun daga tushenta unguwar tana ɗauke da tarihin mutumin da ya ɗauki bindiga domin sarkin da bai taɓa gani ba, kuma wanda ya bi Titin Burma a cikinta yana tafiya ne a kan sunan wata ƙasa mai nisa da dubban 'yan Arewa suka zubar da jini a cikinta.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a rarrabe kalmomi uku da ake yawan cakuɗawa. Sojan haya shi ne wanda aka ɗauka domin wani yaƙi takamaimai, kuɗi ne babban abin da ya kawo shi, kuma ba ya cikin rundunar ƙasar da yake yi wa yaƙin a hukumance. Baƙon ɗan sa-kai kuwa shi ne wanda ba ɗan ƙasa ba, amma ya sa hannu a takardar shiga rundunar gwamnati, yana sanye da kakinta, yana karɓar albashinta, kuma dokar sojanta tana hawa kansa kamar yadda take hawa kan ɗan ƙasa. Na uku shi ne sojan mulkin mallaka, wanda aka ɗauka daga ƙasar da aka ci da yaƙi domin ya yi wa wanda ya ci ta aiki. Rundunar zaratan sojoji kuma ita ce ƙaramar runduna da ake keɓewa, a ba ta horo mai tsanani, a tura ta inda sauran dakaru ba za su iya isa ba, kamar bayan layin abokan gaba. A kan takarda waɗannan rukunai a rabe suke, amma a rayuwar mazajen da suka wuce ta Fagge da Sabon Gari sau da yawa mutum ɗaya ya kan ratsa dukkansu kafin gemunsa ya yi fari.

Lokacin da kalmar Bahaushe take nufin soja

Rundunar sojan Nijeriya tana ƙirga asalinta daga 1863, shekarar da wani hafsan ruwa na Ingila mai suna John Glover ya tara 'yan tsirarun mutanen Arewa a Ikko, galibinsu bayi da suka gudu daga iyayengijinsu, ya ba su bindiga da kaki, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Shekara 10 bayan haka, a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, an kwashe irin waɗannan mutane zuwa Gwalkwas, kuma daga nan sunan Bahaushe ya zama tamkar hatimin jarumta a bakin Turawan da ke rububin Afirka. Wakilan Sarki Leopold na Baljiyam sun fara ɗibar Hausawa daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma a 1883 zuwa Kwango, inda suka zama cikin tubalan farko na rundunar da ta kafa masa mulki a can. Jamusawa ma sun nemi Hausawa lokacin da suke kafa dakarunsu a Togo da Kamaru. Ta haka ne ya kasance a ƙarshen ƙarni na 19 ana iya samun mutum biyu da suka tashi a gari ɗaya, ɗaya yana faretin Ingila a Lakwaja, ɗaya yana gadin tashar Baljiyam a bakin kogin Kwango.

Sai dai wannan suna yana ɓoye abubuwa biyu. Na farko, da yawa daga cikin waɗanda aka rubuta Hausawa ba Hausawa ba ne ta wajen haihuwa, akwai Nufawa da Barebari da Zabarmawa da Gurunsawa da Yarabawa, Hausa dai ita ce harshen da ya haɗa su, har ta zama harshen umarni a bariki, aka wajabta wa hafsoshi Turawa cin jarrabawarta, kuma daga wannan cuɗanya ne aka samu Barikanci, wato gurguwar Hausar da ake yi tsakanin waɗanda ba harshen uwarsu ba ne. Na biyu, kuma wanda ya fi muhimmanci, ba jarumta kaɗai Turawa ke saye ba. Abin da suka fi daraja a jikin baƙon soja shi ne baƙuncinsa, domin mutumin da ba shi da uwa ko suruki ko gona a ƙasar da aka tura shi ba zai yi jinkirin harbi ba idan aka ba shi oda, ba shi kuma da inda zai gudu ya ɓuya idan ya gaji. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma masu ɗaukar soja sun fahimci wannan magana ta fuskar da ta amfane su: raɓa tana yin aikinta da asuba, rana na fitowa ta bushe, ba ta neman gado a gonar da ta jiƙa.

Kano ta ɗanɗana wannan tsari a jikinta ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin da rundunar Kanar Morland ta fasa ganuwa alhali Sarki Alu yana kan hanya daga Sakkwato. Turawan da ke cikin wannan runduna ba su kai 40 ba, sauran sama da 700 'yan Afirka ne, kuma da yawansu da Hausa suke magana. Suna cikin Rundunar Tsaron Iyaka ta Afirka ta Yamma, wadda Lugard ya kafa a 1897, kuma wadda daga baya rassanta na Kudu da Arewa suka haɗu a 1914 suka zama Rajimantin Nijeriya.

Ƙofar Fagge da teburin kurtu

Fagge ta daɗe tana zangon baƙi tun kafin zuwan Bature, a nan ayarin Buzaye da fataken Arewa ke sauke raƙumansu, saboda haka ba abin mamaki ba ne da ta zama mashigar wani sabon irin baƙo, wato saurayin da ya tsallako daga ƙasar Faransa yana neman abin yi. Faransawa sun tsananta ɗibar soja a yankunansu lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, musamman a gangamin 1918 da Blaise Diagne ya jagoranta, sannan a 1919 suka kafa dokar aikin soja na dole na shekara 3, ga kuma haraji da aikin tilas. Wannan ya sa samari daga Damagaram da ƙasar Zabarma da kudancin Cadi suka riƙa kwararowa ƙasar Ingilishi, wasu suka shiga dako da leburanci a zamanin da cinikin gyaɗa ke bunƙasa, wasu kuma suka zaɓi su shiga soja da ƙafarsu a inda ake biya, maimakon a kama su da igiya a inda ba a biya sosai. Waɗannan su ne ainihin baƙin 'yan sa-kai na tarihin Kano, domin a idon doka talakawan Faransa ne da suka yi wa Sarkin Ingila rantsuwa.

Yadda ake ɗaukar kurtu, wato sabon shiga, ya cancanci a dube shi da kyau. Ana tsayar da saurayi tsirara daga ƙugu zuwa sama, a auna tsayinsa da faɗin ƙirjinsa, likita ya duba haƙora da idanu da tafin ƙafa, akawu ya rubuta tsagen fuskarsa domin a gane shi idan ya gudu, sannan ya dangwala babban yatsa a takardar da bai iya karantawa ba. Idan aka zo kan suna, ba a cika tambayar sunan mahaifi ba, sai a haɗa sunan yanka da sunan gari ko na ƙabila, shi ya sa rajistocin rundunar suka cika da mutanen da sunansu na biyu Kano ne ko Katsina ko Zabarma ko Banana, kalmar da ake kiran wasu mutanen bakin kogin Logon na Cadi da ita. Sojan da aka ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo cikin Agusta 1914, da sunan Alhaji Grunshi tarihi ya san shi, wato da sunan ƙabila. Bayan rantsuwa sai a ba kurtu gajeren wandon kaki da jar dara da jan ɗamara da 'yar shara mai ado ta ranar fareti, amma shekaru da yawa ba a ba shi takalmi, da ƙafarsa yake taka ƙaya da tsakuwa. Albashin farabiti, wato soja marar igiya, wajen sule guda ne a rana, kuma bulala tana cikin hukuncin da ake yi masa har cikin shekarun Yaƙin Duniya na Biyu.

Babu wanda rayuwarsa ta nuna sarƙaƙiyar wannan sana'a kamar Chari Maigumeri, mutumin Barno, wanda ya fara aikin soja a rundunar Jamus a Kamaru, aka kama shi lokacin da Garwa ta faɗi a 1915, sannan a 1917 ya shiga rundunar waɗanda suka kama shi, ya yi musu yaƙi da tsofaffin iyayengijinsa a Afirka ta Gabas. Ya kai muƙamin babban samanja, ya sami lambar bajinta a yaƙin da aka yi da Italiya a yankin Habasha, ya je Burma, ya ajiye aiki a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, kuma yau akwai bariki a Lakwaja da ke ɗauke da sunansa. Abin lura a nan shi ne, bayan shekara 36 a rundunar Ingila, kyaftin ɗin da ya samu na karramawa ne a ranar sallama, domin a mafi yawan zamaninsa ƙaramin laftanan da ya sauko daga jirgin ruwa jiya yana gaba da duk wani baƙin samanja komai furfurarsa.

Zaratan da aka sauke a bayan Japanawa

Inda 'yan Arewa suka shiga rundunar zarata ta ainihi shi ne Burma, wadda tsofaffi ke kira Bama, a 1944. Yaƙin Hitila ya sa aka faɗaɗa Rajimantin Nijeriya ninkin ba ninkin, har waɗanda suka sa kaki daga Nijeriya suka haura 100,000, kuma ko da yake sunan abin sa-kai ne, hakimai da dagatai sun sha matsin lamba su kawo adadin da aka yanka musu, a daidai lokacin da ake kwasar wasu talakawan zuwa haƙar kuza a Jos a abin da mutane suka laƙaba wa ɗiban gwamna. Birged ɗin Nijeriya ya riga ya yi suna a 1941, lokacin da ya ratsa sama da mil 1,000 daga Mogadishu zuwa Harar cikin kusan wata guda. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ta farkon tambarinta baƙin gizo ne, ta biyun kuma masu biyu a gicciye a kan gammo, alamar da ke nuna gaskiyar yadda aka yi amfani da su, domin a dajin da mota ba ta shiga, kawunan 'yan Afirka ne suka ɗauki harsashi da abinci da sassan igwa.

Daga cikin runduna ta 81 ne aka cire birged na 3, wanda ya ƙunshi bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Rajimantin Nijeriya, aka miƙa shi ga Janar Orde Wingate, mai rundunar da ake kira Chindit. Sunan ya samo asali ne daga wata dabba mai siffar zaki da ake sassaƙawa a ƙofar wuraren ibadar mutanen Burma. Dabarar Wingate ita ce a sauke dakaru ta jirgin sama can cikin ƙasar da Japanawa ke riƙe da ita, a raba su ƙungiya-ƙungiya ta 'yan ɗaruruwa, su yanke hanyar jirgin ƙasa da ta mota, abincinsu da harsashinsu kuwa a riƙa jefo musu da laima daga sama. An fara saukar ranar 5 ga Maris 1944, Wingate kansa ya mutu a hatsarin jirgin sama ranar 24 ga watan, kuma cikin makonnin da suka biyo baya aka shigar da 'yan Nijeriya, mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba sai a wannan tafiya, balle shiga jirgin sama.

Aikin da aka fi tunawa da su a kai shi ne tsaron wani sansani kusa da Mawlu, a kan layin dogon da ke kai kaya ga Japanawa a arewacin ƙasar, wanda aka laƙaba wa Farin Birni saboda fararen laimomin da suka maƙale a bishiyoyinsa. Wuri ne na 'yan tuddai da aka kewaye da waya mai ƙaya da nakiyoyi, aka haƙa ramuka aka rufe su da katakon layin dogo, kuma cikin Afrilu Japanawa suka riƙa kai masa hari dare bayan dare, da yamma su yi ruwan bama-bamai, duhu na yi su taso a guje kan wayar, gari ya waye gawawwaki na rataye a jikinta, ga zafi, ga ƙudaje, ga warin da matuƙan jirgi suka ce suna jin sa tun daga sama. Sansanin bai faɗi ba. An bar shi ne da gangan cikin Mayu, aka nausa arewa a ƙafa cikin damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowane soja da kaya mai nauyin da ya kai kilo 30 a bayansa, yana fama da zazzaɓin cizon sauro da atuni da matsattsaku, har zuwa Agusta da aka fitar da waɗanda suka rage.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a fili game da wannan ɗaukaka. Waɗannan mazaje ba su nemi shiga rundunar zarata ba, ba a tambaye su ɗaya bayan ɗaya ba, an dai ɗauke bataliyoyinsu ne ɗungurungum, kuma da farko an yi nufin su zama masu gadin sansani ne kawai yayin da wasu ke fita farauta. Bajintar da suka nuna tasu ce, babu mai ƙwace musu ita, amma sunan zarata bai ƙara musu matsayi a gaban doka ba, bai kuma daidaita albashinsu da na Baturen da suke kwana rami ɗaya da shi ba. Labarinsu ya riƙa isowa gida ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939 Abubakar Imam yana editanta, Sarkin Katsina Usman Nagogo kuma ya je har can ya gaishe su, amma a littattafan Turawa na bayan yaƙi an daɗe ana ba da tarihin Chindit kamar babu baƙar fata a ciki.

Da aka sallame su, wasu sun sami aikin ɗan doka ko masinja ko gadi, waɗanda suka koyi tuƙi da kanikanci suka shiga harkar mota, wasu suka kama rumfa, unguwanni irin su Tudun Wada da Gwagwarwa da Sabon Gari suka cika da 'yan mazan jiya, da yawa kuma suka koma ƙauye da lambobin ƙarfe da ɗan kuɗin sallama da bai kai shekara ba. Takardun da aka tono daga baya sun nuna cewa an tsara kuɗin sallamar ne bisa launin fata, har a Afirka ta Gabas farabiti Bature yana samun sule 10 a kan kowane watan da ya yi, baƙi kuwa sule 3 da sisi. A ɓangaren Faransa abin ya fi muni, domin ranar 1 ga Disamba 1944 a sansanin Thiaroye kusa da Dakar an buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga kurkukun Jamus suna neman haƙƙinsu, hukuma ta amsa mutuwar 35, masana tarihi kuwa suna ganin adadin ya zarce haka nesa, sannan daga 1959 aka daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci, ba a warware matsalar gaba ɗaya ba sai bayan rabin ƙarni.

Ƙofofin da suke buɗe a yau

Saurayin da ke tsaron shago a Sabon Gari yau, wanda ke wucewa ta rumfunan 'yan gwanjo inda ake jera manyan takalma masu kama da na soja, yana kuma ganin tsararrakinsa sun yi layi a shagon kwamfuta suna cike fom ɗin shiga soja duk lokacin da aka buɗe, ya fi kakansa sanin duniya, kuma sunan da ya fi yawo a wayarsa shi ne na Rundunar Baƙi ta Faransa. Sarki Louis-Philippe ne ya kafa ta a 1831 domin a tattara baƙin da suka cika Faransa a tura su yaƙin Aljeriya, ta yi yaƙin Dahomey a 1892, kuma ranar da take ɗaukakawa ita ce 30 ga Afrilu 1863, lokacin da mutum 65 suka tsaya wa dubban sojojin Meziko a Camerone, wato shekarar da Glover ke tara Hausawansa a Ikko. A yau tana da dakaru wajen 9,000 daga ƙasashe sama da 140, kuma 'yan laimarta sun yi aiki a arewacin Nijar, a yankin Madama da mashigar Salvador, kafin sojojin Faransa su fice daga ƙasar a Disamba 2023.

Hanyar shigarta a bayyane take, kuma saninta kariya ce daga 'yan damfara. Ba a cike fom ta intanet, ba ta da wakili a wata ƙasa, ba ta aika wa kowa biza ko kuɗin jirgi, dole mutum ya kai kansa ɗaya daga ofisoshinta a cikin Faransa da fasfo ɗinsa, shekarunsa tsakanin 17 da rabi da 39 da rabi. Daga nan a kai shi Aubagne kusa da Marseille, a yi makonni ana gwada lafiyarsa da ƙarfinsa da ƙwaƙwalwarsa, ana tone tarihinsa, kuma mafi yawan masu zuwa ana mayar da su. Wanda ya tsallake zai sa hannu a kwantiragin shekara 5, a tura shi Castelnaudary horon kusan wata 4, inda zai koyi Faransanci da bindiga a lokaci guda, a kuma ba shi farar hular da aka san rundunar da ita. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, domin wanda ya gudu kafin wa'adi mai laifi ne a dokar soja. A madadin haka yana da albashi irin na sojan Faransa, yana iya neman zama ɗan ƙasa bayan wasu shekaru na aiki mai kyau, kuma wata doka ta 1999 ta ba wanda aka raunata a fagen fama damar samun takardar ƙasa saboda jinin da ya zubar. Wannan shi ne babban bambancinsa da sojan Burma, kuma bambancin bai zo daga alherin kowa ba, ya zo ne daga doka rubutacciya da mutum zai iya kai ƙara a kanta. Haka abin yake a Ingila, inda Gurkawan Nepal, duk da shahararsu, sai a 2009 tsofaffinsu suka sami cikakken izinin zama bayan doguwar shari'a da gangami, sojojin ƙasashen rainon Ingila kuma sai a 2022 aka yafe wa waɗanda suka yi shekara 6 kuɗin takardar zama.

Sauran ƙofofin sun fi duhu. Da Yukiren ta sanar da kafa rundunar baƙi a ƙarshen Fabrairu 2022, matasa sun taru a ofishin jakadancinta a Abuja suna neman a ɗauke su, har Ma'aikatar Harkokin Waje ta Nijeriya ta fito cikin Maris ta ce ba za ta yarda a ɗebi 'yan ƙasa zuwa yaƙin ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma an yi ta samun rahotannin 'yan Afirka da dillalai suka yi wa alkawarin aiki ko karatu a Rasha, suka farka a bakin daga bayan sun sa hannu a takardar da aka rubuta da harshen da ba su sani ba, kamar dai kurtun da ya dangwala yatsa shekara 100 da suka wuce. A nan ne bambancin sojan haya da ɗan sa-kai ke zama batun rai da mutuwa, domin sashe na 47 na ƙarin yarjejeniyar Janiba ta 1977 ya ce sojan haya ba shi da haƙƙin a ɗauke shi fursunan yaƙi idan aka kama shi. Wakilan Nijeriya ne suka gabatar da wannan sashe, bayan abin da ƙasar ta gani a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da Rolf Steiner, Bajamushe kuma tsohon sojan Rundunar Baƙi ta Faransa, ya jagoranci birged ɗin kwamandojin Biyafara.

Wata tsohuwar al'adar Rundunar Baƙi ita ce ba sabon shiga wani suna daban a farkon aikinsa, abin da ke jan hankalin masu son su binne tarihinsu, amma wanda ke tuna wa mai nazari da rajistar kurtun Arewa, inda sunan gari ya maye gurbin sunan uba. Nijeriya ta adana sunayen da suka shafi yaƙin Burma a jikin barikokinta: Chindit a Zariya, inda makarantar horar da kurtu take tun 1924, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Badun, Myohaung da Arakan a Ikko, kamar yadda Barikin Bukavu da ke maƙwabtaka da Fagge ke ɗauke da sunan garin Kwango da sojojin Nijeriya suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon shekarun 1960. Sunayen mutanen ne suka fi wuyar samu. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu 'yan Afirka ta Gabas da Masar, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, kuma adadin yana iya kai 350,000. Na Yaƙin Duniya na Biyu sun fi samun kulawa, domin a maƙabartar Taukkyan da ke wajen birnin Rangun akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da jerin 'yan Rajimantin Nijeriya. Sai dai da yawansu an sassaƙa su ne yadda akawun bariki ya rubuta, sunan yanka sannan Kano ko Katsina ko Sakkwato, ta yadda jikan da ya je neman kakansa zai iske Musa ko Audu ko Garba fiye da ɗaya daga gari guda, kuma lambar aikin soja kaɗai ke raba su, lambar da gidaje kaɗan ne suka riƙe takardar da take ciki.